Gwadabe Ya Kawo Wa Inna Daji

In kana neman wanda ya san komai a Wudil, kada ka wahalar da ƙafarka zuwa jami'a. Tsallake gada, ka bi bakin titi har inda Bilya yake facin taya, a gefensa za ka ga wata 'yar rumfar kwano, wayoyi jere a kan katako suna shan caji. Mai rumfar shi ne Gwadabe. Sana'arsa cajin waya da tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai, amma wannan ta neman tuwo ce kawai. Sana'ar da ya ƙware a kanta da gaske ita ce cika baki. In ka ce masa motarka ta lalace, ya taɓa yin kanikanci a Legas. In ka ce cikinka ke ciwo, kakansa ya bar masa laƙani. Mutanen layin sun saba, sukan bar shi ya yi ta zuba kamar famfon da kansa ya lalace, kowa na harkar gabansa.

Abu ɗaya ne Gwadabe bai taɓa cika baki a kansa ba, domin can ƙasan ransa yake. Shi ne ɗan farin Inna Hansai ta Darki. Kun dai san iyayenmu na da da kunyar ɗan fari: ba a kiran sunansa, ba a yi masa fara'a a gaban mutane, ana yaye shi ake miƙa wa kaka. Haka Gwadabe ya girma yana hangen uwarsa daga nesa, tana lallashin ƙanensa Auta, shi kuwa in ya gaishe ta sai ta amsa wa bango. Da mahaifinsu ya rasu ta fita takaba, Gwadabe ya kafa naci. Ya aika dattawa, ya gyara ɗaki ya shafe shi da fenti, ya sayo katifa sabuwa, har dai tsohuwa ta yarda ta zo ta zauna a gidansa. Ranar da ta iso kowa a layin ya sha lemo kyauta, kuma kafin ranar ba wanda ya taɓa shan ko ruwan Gwadabe.

Murnar ba ta yi nisa ba. Gidan yana bayan rumfar, dab da titi, tireloli na wucewa suna girgiza kwanon rufi, masu babur na hon kamar an aiko su. Inna, wadda a Darki in ta sallaci azahar takan miƙe a gindin ɗorawa ta yi barcinta har la'asar, ta kasa runtsawa. Idonta ya faɗa, kanta ya riƙa sarawa. Ran nan ta kira surukarta Rahinatu, Gwadabe na tsaye a wurin kamar turmi, ta ce:

"Ki faɗa wa mijinki, ran Juma'a in Auta ya zo cin kasuwa zan bi shi. Garin da ba a barci ba garin zama ba ne."

Gwadabe ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ya sani sarai in ta hau babur ɗin Auta ta tafi ke nan, ba dattijon da zai sake dawo masa da ita. Ya koma rumfa ya zabga tagumi, abin da ya sa Bilya ya ajiye guduma ya leƙo ya ga ko lafiya.

A haka Madam Esta ta same shi. Ma'aikaciya ce a ɗakin karatu na jami'a, mutuniyar Kagoro, tana haya a bayan layinsu, takan kawo caji in wuta ta yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Bayan sun gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi jikin Inna, sai ya faɗa mata halin da ake ciki. Ta ce ai ita ma ta yi fama da irin wannan lokacin da likita ya ce jininta ya hau. Abin da ya taimake ta, in ta taso daga aiki sai ta sa kukan daji a kunne ta kishingiɗa. Ta ciro wayarta ta miƙa masa abin sawa a kunne.

Da farko iska ce take kaɗa ganye. Sai wani ruwa ya biyo baya yana gangarowa a kan duwatsu, ba ya gaggawa. Can tsuntsu ɗaya ya yi kira, wani ya amsa masa daga nesa, gyare na ta nasa a ƙarƙashi. Madam ta ce in tana ji sai ta gan ta a gindin dutsen garinsu tana yarinya, kafaɗunta su sauko, numfashinta ya daidaita, kafin ta ankara barci ya ɗauke ta.

"Amma a hankali ake sawa, Malam Gwadabe," in ji ta. "Kamar raɗa."

"Madam, ni za ki koya wa daji?" in ji Gwadabe. "Kakana maharbi ne. Mu a gidanmu da kukan zaki ake yi wa jariri tawai."

Ya ce ya daɗe da sanin wannan magani, mantawa kawai ya yi. Ya kwashe duk abin da ke wayarta na kukan daji ya zuba a tasa. Tana ba da baya ya sa nasa abin a kunne don ya ƙara tantancewa. Ruwan nan ya ci gaba da gangara, tsuntsun nan ya ci gaba da kira, Gwadabe ya jingina da katako ya hangame baki. Masu karɓar waya suka zo suka yi ta sallama, Bilya ne ya riƙa miƙa wa kowa tasa. Wata akuya ta shigo ta cinye burodin da ya ajiye ta fita. Sai bayan la'asar ya farka yana share miyau.

"Injiniya, har na fara tunanin wanda zai gaji rumfar," in ji Bilya.

"Gwaji nake yi. Likitan ƙwarai shi yake fara shan maganinsa."

Daga nan fa baki ya buɗe. Kafin magariba duk layin ya ji cewa Gwadabe ya gano maganin rashin barci wanda asibitin Kano ma ba su da shi, kuma in ya gama da Inna zai buɗe ɗakin hutu a bakin gada, manyan mutane su riƙa zuwa daga Abuja suna layi.

Washegari da azahar ya ɗauki 'yar sifikarsa ya ɓoye ta a bayan randa, ƙarƙashin tagar Inna. Ya zaɓi ƙarar ruwan sama, domin ita ta fi sa shi lumshe ido. Maganar raɗa kuwa ya bar wa Madam kayanta, ya murɗe ƙara har ƙarshe. Ga shi kaka ce, amfanin gona ya shigo, kowane gida da shanya: gyaɗa a tsakar gida, barkono a kan rufi, garin masara a tabarma.

Yayyafi ya fara, ya ƙaru, aka yi wata tsawa daga bayan randa. Inna da ke kishingiɗe ta yi zumbur ta miƙe, tsohuwar da sai an kama ta take tashi. Ta fito tana kiran ruwa, a kwashe shanya. Rahinatu ta wancakalar da kwanon da ke hannunta ta hau tattara gyaɗa. Muryar Inna ta tsallaka katanga, maƙwabciyarsu Talatu mai tuwon sayarwa ta ɗauka, daga gidanta ta wuce gaba, kafin ka ce kwabo matan layin kaf suna guje-guje da buhuna. Talatu ta sungumi tabarmar garinta da gudu, ta yi karo da ƙofa, gari ya tashi ya rufe ta tun daga ɗankwali har ƙafa. Sai da aka gama kwashe komai sannan wata ta ɗaga kai. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu, rana na ƙwalla abinta, ruwa kuma na ci gaba da zuba a bayan randar gidan Gwadabe.

Talatu ta iso rumfa da muciya a hannu, fari fat, idanu kawai ake gani. Gwadabe ya tare ta da bayani, ya ce ai taimakonsu ya yi, yanzu sun san in ruwan gaske ya zo za su iya. Ta ce in ya sake saukar da ruwa a layin nan ita za ta saukar masa da ƙanƙara a ka. Bilya ya tambaye shi ko zai taimaka ya turo musu ruwan nan a watan bazara, manoma na nema. A cikin gida kuwa Inna ta zauna tana haki, ta ce wa Rahinatu ta faɗa wa mijinta ita ba ta aiki kowa roƙon ruwa ba.

Da wani ne ya ji haka, da ya haƙura. Gwadabe ya ce kuskuren na zaɓi ne, ruwa na masu ƙaramin ciwo ne, ciwon Inna sai tsuntsaye.

Kashegari ya sa tsuntsaye. Wata gayyar ƙananan tsuntsaye ce, ɗaruruwa, suna ta caccaka a lokaci guda. A kunnen Madam wannan wayewar gari ne a kan dutse. A kunnen matar da ta yi rayuwarta tana tsaron gero, wannan tsuntsun jan-baki ne ya sauka a gona. Inna ta rarumo tsohuwar langa da ludayi ta fito tsakar gida tana kaɗawa tana kora, tana waige-waigen inda gonar take. Gwadabe, daga inda ya laɓe a zaure, ya yi sauri ya danna na gaba. Na gaban ya zama kukan shaho. Kajin Talatu suka watse, uwar ta kwashi 'ya'yanta ta faɗa ƙarƙashin murhu, zakara ya tsallake katanga ya dira a kan tiren masu gyaɗa. Ya sake dannawa, sai ga mujiya tana kuka da rana tsaka.

Nan Inna ta ajiye langa. Ta zauna a bakin ƙofa ta hau salati, ta ce mujiya da rana ba alheri ba ne, a kira mata Auta a waya ta ji ko lafiya suke. Sai da ta ji muryar kowa a Darki, har jaririn da bai fara magana ba, sannan hankalinta ya ɗan kwanta. Barci dai ranar ko na sauro ba a yi ba, ta kuwa sa Rahinatu ta fara ɗaure mata kaya.

Da Madam Esta ta ji labari ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba shi haƙuri. Ta ce laifinta ne da ba ta yi tunani ba, uwarta ma da haka za ta yi. Ita da ta bar gona tun tana yarinya kukan tsuntsu gida yake tuna mata, Inna kuwa aiki yake tuna mata. Ta ba shi shawara ya nemi ƙarar iska kawai, ya sa ƙasa-ƙasa, ko ma ya mayar da Inna ɗakin da ke can ƙuryar gida nesa da titi.

Shawara ce mai kyau, shi ya sa Gwadabe bai ɗauka ba. Ya ce shi ya gano inda gizo ke saƙa: dajin da ke wayar Madam dajin wasu ne, Inna ba ta san shi ba. Dajin gida take so, kuma shi da kansa zai shiga ya ɗauko mata shi. Ya sanar a rumfa, ya sanar a wurin mai shayi. Bilya ya tambaya wane daji ne ya rage a nan wanda ba a shuka masa albasa ba. Gwadabe ya ce akwai wani surƙuƙi a bayan Utai, gefen kogi, wanda ko maharba sai sun yi shiri suke shiga.

Ran Alhamis da hantsi ya hau keke, ya rataya gora, ya nufi Utai. Surƙuƙin dai wata 'yar fadama ce mai dogayen ciyayi da bishiyun giginya, ana hango masu ban-ruwa daga ciki. Ya kutsa, ya sami wuri ya tsuguna, ya danna ɗaukar murya. Daji ya yi tsit. Ba abin da ake ji sai injin ban-ruwa daga nesa da wani jaki da ke kukan neman abokin hira. Gwadabe kuwa ba ya iya zama da shiru, sai ya hau yi wa wayar jawabi. Yana cikin jawabin ciyawa ta motsa a gabansa, wani damo ya leƙo da kai yana kallonsa. Jikan maharba ya watsar da gora ya zuba a guje, ya faɗa taɓo har gwiwa, ya fito ya bar takalmi ɗaya a ciki. Wayar da ya cusa a aljihu tana ta aikinta, shi ya ma manta da ita.

Ya dawo Wudil caɓe-caɓe. Ya shaida wa Bilya cewa kada ne ya tare shi, suka yi ta fama, da ƙyar kadan ya tsira. Abin da ya ɗauko kuwa bai tsaya saurare ba, wai gwani ba ya duba aikinsa sau biyu. Abin da ya dame shi kawai bai ji kura a dajin ba, don haka ya nemo kukan kura a waya ya liƙa a farkon ɗaukar. Da Bilya ya ce anya kura za ta sa tsohuwa barci, sai ya ce:

"Dajin da babu kura ai lambu ne."

Saura matsalar tireloli, waɗanda a ganinsa su ke cinye rabin maganin kafin ya isa kunnen Inna. Aka yi dace, ko rashin dace, motar wani mai tallan maganin gargajiya ta kwana a wurin Bilya tana jiran taya, da ƙatuwar lasifikarta a kai, irin wadda in aka kunna a bakin gada ana ji a tasha. Gwadabe ya lallaɓa ya aro ta, ya hau darbejiyar ƙofar gida ya ɗaure. Ya ce magani in bai yi aiki ba ƙara shi ake yi.

Juma'a a Wudil ba sai an faɗa wa kowa ba. Tun da safe titi ya cika: garken shanu ana kora su zuwa kara, kasuwar dabbobi, tumaki da awaki a igiya, jakuna ɗauke da tukwane, motoci na bin sahu a hankali. Auta ya iso da hantsi, ya gaida Yayansa da ladabi, ya ɗaure ƙullin kayan Inna a bayan babur. Gwadabe ya dubi ƙullin nan ya ji kamar a ƙirjinsa aka ɗaure shi. Ya roƙi Rahinatu ta roƙi Inna ta ɗan kishingiɗa na ɗan lokaci kafin su tafi, in wannan bai yi ba shi da kansa zai raka ta. Inna ta yi tsaki, amma ta shiga ɗaki ta kwanta.

Ya riga ya gayyaci mutane su zo su ga ikon Allah, sun kuwa zo, don Bahaushe ba ya ƙin kallo. Talatu ta tsaya da muciyarta. Madam Esta, da ta hango lasifikar a kan bishiya, ta buɗe baki za ta yi magana, Gwadabe ya ɗaga mata hannu ya ce ta zuba ido kawai. Ya gyara hula, ya ajiye waya a kan benci, ya danna.

Kura ta yi kuka a tsakiyar Wudil da rana kata, da muryar da ta fi ta kura goma.

Jakin tukwane ne ya fara amsawa. Ya yi tsalle ya watsar da kaya, tukwane suka tarwatse a kwalta, ya juya ya nufi gada mai shi na bin sa. Tumaki suka tsinke igiya suka shiga tsakanin ƙafafun mutane. Garken shanun da ke wucewa ya dare biyu, masu kora suna ɗaga sanda a banza, wani dillali da babbar rigarsa yana gudu yana kiran a tare. Wata saniya ta shiga rumfar Bilya ta fito da tsohuwar taya a ƙaho. Tirela ta ci birki, na bayanta suka ci, hon ya kaure. Daga can kasuwa aka fara cewa kura ta shigo gari, wasu suka ce guda uku ne, wani ya rantse ya ga ta ɗauki ɗan maraƙi. 'Yan tauri biyu suka taho suna kirari suna neman inda take.

Gwadabe ya yunƙura zai kashe waya, sai ga wani bajimin sa ya nufo shi kai a sunkuye. Bai san lokacin da ya kai reshen darbejiya na uku ba. San ya zo ya tsaya daidai gefen bencin yana huci, waya na kwance a gabansa, ba mai ƙarfin halin matsawa kusa. Kura ta gama kukanta, aka ɗan yi shiru, mutane suka fara leƙowa daga inda suka ɓuya. Sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Jama'a, ga Gwadabe jikan maharba a tsakiyar dokar daji," in ji lasifika, "inda ba mai shiga sai namijin duniya."

Bayan muryar ana jin injin ban-ruwa yana ta bugawa, jaki ya karɓa da kuka. Kowa ya ɗaga kai ya dubi namijin duniya a kan reshe, rungume da bishiya, hula ta karkace. Lasifika ta ci gaba da bayanin yadda namun daji ke sunkuyar da kai in sun ji warinsa, da yadda zaki ya taɓa ba kakansa hanya. Gwadabe ya roƙi Auta daga sama ya kashe wayar don girman Allah. Auta ya dubi san, ya ce Yaya ai gara a bari ya huce tukuna.

Sai aka ji ciyawa ta yi motsi. Jawabi ya tsaya cak. Abin da ya biyo baya ƙarar gudu ce, da faɗuwa a taɓo, da wata murya siririya wadda ba wanda zai ce daga ƙirjin mai gemu ta fito:

"Wayyo Inna! Inna ki zo, zai cinye ni! Wayyo Innata!"

Dariyar da aka yi a bakin titin nan har direbobin tirela sai da suka sauko. Talatu ta zauna a ƙasa dirshan, muciya a cinya, tana share hawaye. Dillalin da ya zo da niyyar faɗa ya dafa bango. Bilya ya ɗaga murya ya tambaya ko wannan ne lokacin da kadan yake neman tsira. Wani manomi daga Utai da ya zo cin kasuwa ya ce shi fa yana wurin yana ban-ruwa, damo ne, kuma bai kai tsawon hannunsa ba, shi ma damon gudu ya yi. Gwadabe ya sunkuyar da kai daga kan reshe. Ya dubi babur ɗin Auta da ƙullin kaya a baya, ya san ya gama yi wa kansa.

Ba wanda ya lura da lokacin da Inna ta fito. Tana tsaye a ƙofar zaure da taɓarya a hannu, kukan kura ne ya fito da ita tsaron awaki, ta manta a Darki ta baro su. Ita kaɗai ce ba ta dariya. Ta san kukan nan na ɗanta. Ta ji shi ranar da aka yaye yaron aka ɗauke shi zuwa gidan kaka, yana miƙo hannu yana kiranta, ita kuwa ta juya fuska ga bango don kada a ce ba ta da kunya. Ranar ba ta amsa ba, kuma abin bai taɓa barin ranta ba, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Masu kora suka samu suka ja san, Rahinatu ta kashe waya. Auta ya tayar da babur ya ce Inna ta zo su kama hanya kafin a tafi masallaci. Inna ta jingina taɓarya da bango.

"Sauke ƙullin nan, Auta."

"Inna, barcin fa?"

"Na yi barci shekara da shekaru, me ya ƙara mini? Kai ko ba ni ka iya zama da mutane. Wancan na kan bishiya, ƙato da gemu, damo ma korar sa yake yi. In na tafi wa zai kira?"

Ta faɗi haka a gaban dillali, da Talatu, da direbobin tirela, ba ta ko ɗaga kai ta dubi bishiyar ba. Sannan ta juya ga Rahinatu ta ce ta faɗa wa mijinta ya sauko haka nan kafin ya karye, kuma a mayar mata da katifa ɗakin ƙurya. Ta shige gida.

Gwadabe ya sauko a hankali. Kunya ta ishe shi kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma wani daɗi ya cika masa ƙirji wanda bai taɓa jin irinsa ba. Dillali ya miƙa masa igiya, ya nuna masa shanun da suka bazu har gindin gada. Ya karɓa ba musu, ya bi bayansu, yara da manya na binsa da kiran a yi hattara da damo.

Da ya zo wucewa ta gaban rumfar faci, Bilya ya ga yana goge ido da hannun riga, ya tambaye shi me ya same shi. Gwadabe ya ce hayaƙin tirela ne. Ranar dai Bilya bai ƙaryata shi ba.